'Yar Lambar Da Ke Kafaɗar Goma

Daga gida

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da ba ka cancanta ba, tun da wasiƙata ta baya har yau ba ta ga amsa ba. Ina fatan kana lafiya, kai da ɗalibanka da wannan makaranta taku ta bayan duwatsu da ko waya ba ta shiga. Goggo tana gaishe ka. Ƙafarta ta yi sauƙi, bakin ne dai yana nan yadda ka bar shi. Ni ma lafiya lau, ina shagon Baba ina fama da gidan maɓalli da guga.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro. Ka tuna da likita ya ce ƙwayar cuta ce ta kama masa hanta, aka ɗebi jini aka auna yawanta, aka ɗora shi kan magani kullum da safe. Rabin shekara ke nan bai tsallake ko rana ɗaya ba, duk da tashin zuciya da kasalar da yake sa masa. An sake ɗibar jinin, shekaranjiya na karɓo sakamakon. Mai ba da takarda ta taga ya ce in kai wa likita, likitan kuma ya tafi kwas, sai wata mai kamawa.

Ka san Baba ba ya jira. Ya yanke bakin ambulan da almakashi, ya shimfiɗa sabuwar takardar kusa da tsohuwa a kan teburin yanka, kamar mai duba awon mutum biyu. Tsohuwa ta ce 2.4. Sabuwa ta ce 8.1.

Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, “Ya ninka sau uku har da ɗoriya.”

Na ce a bari likita ya dawo. Ya ce, “Auta, na tsufa da tef a wuya. Ba sai likita ya gaya mini takwas ta fi biyu ba.”

Jiya da safe na kai masa ruwa da maganin, ya ture da bayan hannu. Yau ma haka. Tsoro nake ji, Yaya. Kai ne malamin lissafi, kai yake jin maganarka. Ka rubuto masa wani abu.

Ƙanwarka,
Auta

*

Daga makaranta

Auta,

Wa alaikumus salam. Na karɓi gaisuwar har da gorin da ke cikinta. Lafiyata ƙalau, sai mura da ruwan sama ya kawo. Ki gaishe da Goggo, ki ce na ji ƙafa ta yi sauƙi, saura bakin.

Wasiƙarki ta same ni a ɗakin malamai, na karanta na kasa komawa aji. Na sa rai da wannan gwajin fiye da yadda na nuna muku. Ina tuna Baba yana haɗiyar maganin nan yana yamutsa fuska, yana cewa don mu yake sha. A ce duk wannan wahalar ta tashi a banza, abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Ba zan yi miki daɗin baki ba. Lamba ba ta ƙarya, in ta hau ta hau. Amma hawanta ba ya nufin an gama. Wataƙila wani maganin za a canza masa, wannan kuma aikin likita ne, ba nawa ba, ba na Baba ba. Ki roƙe shi ya ci gaba da sha har likitan ya dawo. Ki ce ni na roƙa.

Hutu da saura, shugaban makaranta kuma ba zai sake ni ba ana shirin jarrabawa. Direban motar da ke kawo mana kayan abinci yana tsaye a ƙofa yana danna mini hon, don haka zan tsaya a nan. Allah ya ba Baba lafiya.

Yayanki

*

Daga gida

Yaya,

Gaisuwa da fatan murar ta sake ka. Mu nan jiki lafiya, zuciya ce ba lafiya.

Na karanta wa Baba wasiƙarka, ya sa na maimaita. Da na zo inda ka ce lamba ba ta ƙarya, in ta hau ta hau, sai ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Ya juya wurin Goggo ya ce, “Kin ji ko? Malamin lissafin ma ya yarda.” Roƙon da ka yi a ƙasa na karanta shi da ƙarfi, amma kunnensa ya riga ya rufe. Da ma ba ka rubuta wannan layin ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, tun da ya daina shan maganin tashin zuciyar ya tafi. Yana cin abinci, har ƙari yake nema. Yana cewa ga shi nan, da ma maganin ne ke kashe shi.

Amma ba mai lafiya yake shirin zama ba. Ya kira masu ɗinki ɗaya bayan ɗaya ya mayar musu da yadinsu. Ya goge keken ɗinkinsa, ya sa masa mai, ya rufe shi da tsohon zane. Ranar nan ya sauko da farin yadin nan mai kyau da yake hana mu taɓawa, ya auna, ya yanka, ya ninke shi da kansa ya sa a ƙasan akwati. Ka san na mene ne. Goggo ta fita tsakar gida tana kuka, shi kuma ya ce mata ta daina tara masa maƙwabta, shiri ne kawai.

An ce likita ya dawo. Baba ya ce ba zai je ya zauna a benci tun safe don a karanta masa abin da ya riga ya karanta ba.

Auta

*

Daga makaranta

Auta,

Ina gaishe ku duka. Ina lafiya. Ki bar duk abin da kike yi ki karanta wannan a natse.

Ɗazu na shiga aji da darasin yadda masana kimiyya ke rubuta manyan lambobi a taƙaice. Maimakon 3,700,000 sai su rubuta 3.7 × 10⁶, wato uku da ɗigo bakwai, sau goma, da 'yar ƙaramar shida a kafaɗar goman. Na ba da aiki, rabin ajin suka rubuta 3.7 suka miƙe ƙafa. Na hau su da faɗa, ina cewa lambar gaba ita kaɗai ba ta gaya wa kowa komai. Ina cikin faɗan alli ya tsaya a hannuna.

Auta, ƙwayar cuta a jini ba a ƙirga ta bibbiyu ko takwas-takwas. Dubbai ce, miliyoyi ce. Ba yadda za a yi takardar Baba ta ce 2.4 ta yi shiru. Dole akwai wani abu a bayanta. Na karanta wasiƙarki da zuciya, ban karanta ta da kai ba, na amsa miki a kan rabin lamba.

Ki ɗauko takardun biyu. Bayan 2.4 da bayan 8.1 za ki ga alamar sau, da goma, da wata 'yar lamba a sama. Ita ce ke faɗin sau nawa za a ninka da goma. In uku ce, dubu ake nufi. In shida ce, miliyan. Idan ta tsohuwar takarda ta fi ta sabuwa, to ciwon sauka ya yi, ba hawa ba, ko da kuwa lambar gaba ta ƙaru.

Ki kwafo mini layin duka, kada ki bar ko ɗigo. Kuma kada ki jira amsata. Ki kai shi asibiti ko da jan hannu ne.

Yayanki

*

Daga gida

Yaya,

Ina gaishe ka. Wasiƙarka ta yi makonni a hanya. Direban ya ce ruwa ya ci gadar da ke tsakaninmu da ku, wasiƙar ta kwana ta wuni a aljihun motarsa har ta yi laushi. Duk tsawon lokacin nan ina zaton fushi ka yi da ni saboda abin da na ce a kan layinka.

Lafiyar Baba ta juya. Cin abincin ya tsaya. Farin idonsa ya fara yin rawaya, fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, yana kwana yana wuni a kan gado fuskarsa a bango.

Na ɗauko takardun kamar yadda ka ce. Ga su nan yadda suke:

Tsohuwa: 2.4 × 10⁶
Sabuwa: 8.1 × 10³

Wallahi na gan su tun ranar farko. Na ɗauka irin ƙananan rubutun nan ne da ake cika takardun asibiti da su, shi ya sa ban kwafo maka ba. Da na ga shida a tsohuwa, uku a sabuwa, sai da na zauna a ƙasa. Na ruga ɗakinsa da takardun ina cewa Baba sauka ya yi, Yaya ya ce sauka ya yi.

Ko juyowa bai yi ba. Ya ce, “Na gan su kafin ke. Goma a nan, goma a can, sun cinye juna.”

Na ce, “To 'yar ƙaramar ta sama fa?”

Ya ce, “In na auna kafaɗar mutum na rubuta sha takwas, na ɗora ɗan rabi a gefe, me ke nan? Rabin inci ne. Abin da aka rubuta ƙanana, ƙarami ne. Kin taɓa ganin an dawo mini da riga saboda rabin inci? Ki gaya wa yayanki na gode da lallashi. Da farko gaskiya ya faɗa, yanzu tausayi ne.”

Na yi bayanin dubu da miliyan har bakina ya bushe. Ni kaina rabi-rabi na gane, shi kuma ya ji haka a muryata. Goggo ta ce a ɗauke shi da ƙarfi, ya ce duk wanda ya taɓa shi bai yafe ba.

Kada ka sake rubuto mini. Shi za ka rubuto wa, kuma da bakin da tela zai ji. An ce masu babur suna tsallakawa ta mashigin ƙasa, ka ba ɗaya daga cikinsu wasiƙar.

Auta

*

Daga makaranta

Zuwa ga Baba,

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ina durƙusawa ina gaishe ka, ina yi maka sannu da jiki. Ni lafiyata ƙalau.

Ka ce tausayi ne ya sa na canza magana. Baba, kai ka koya mini cewa in awo ya yi gardama ba a rantsuwa, tef ake ɗaukowa. Don haka ba zan rantse ba. Ina roƙonka ka sa Auta ta miƙo maka tef ɗinka.

A wurinka, abin da aka rubuta ƙanana a gefe rara ce, rabin inci ko kwata. Gaskiyarka, a ɗinki haka yake. Masu gwajin jini ba haka suke rubutu ba. Lambobinsu suna da tsawo, ido yana ɓata wurin ƙirga sifili, sai suka yi dabara. Suna matsar da ɗigo baya har sai lamba ɗaya tak ta rage a gabansa, sannan su rubuta a kafaɗar goma gida nawa suka matsar. Shi ya sa lambar gaba kullum tsakanin ɗaya da goma take, ko tururuwa ake aunawa ko dutse. Ita ba ta faɗin girma. 'Yar ƙaramar ta sama ce ke faɗi.

Mu mayar da ɗigon inda aka ɗauko shi. A tsohuwar takarda shida ce a kafaɗa. Ka matsar da ɗigon 2.4 gaba gida shida, duk gidan da babu kowa ka sa sifili. Za ka samu 2,400,000. Miliyan biyu da dubu ɗari huɗu. A sabuwa uku ce. Ka matsar da ɗigon 8.1 gida uku. Za ka samu 8,100. Dubu takwas da ɗari ɗaya.

Yanzu ka juya tef ɗin ta ɓangaren mita, ka dubi layukan nan mafi ƙanƙanta. A ce kowace ƙwaya ɗaya layi ɗaya ce. Dubu takwas da ɗari ɗaya, mita takwas ne da ɗan kai, kusan yadi tara. Ka sha yanka fiye da haka kafin azahar. Miliyan biyu da dubu ɗari huɗu kuwa mita dubu biyu da ɗari huɗu ne. Yadi ne da za a shimfiɗa daga ƙofar shagonka, ya wuce tasha, ya wuce famfon kwana, sai a ƙofar asibiti zai ƙare.

Daga can maganin ya naɗe shi ya dawo da shi yadi tara. Ya rage shi kusan sau ɗari uku. Wahalar da ka sha ba ta tashi a banza ba, Baba, aiki take yi.

Na ce lamba ba ta ƙarya, har yanzu ina kan bakana. Rabinta aka kawo mini na yanke hukunci, kamar wanda aka gaya wa faɗi ba a gaya masa tsawo ba ya sa almakashi. Ka auna da hannunka. In ka ga na yi kuskure, ba zan ƙara cewa komai ba. In ka ga daidai ne, ka bi Auta wurin likita a ranar.

Ɗanka

*

Daga asibiti

Yaya,

Ina gaishe ka daga kan kujerar roba, a gefen gadon Baba. Goggo tana gaishe ka. Ni lafiya, gajiya ce kawai.

Mai babur ya kawo wasiƙarka da laka a jikinta. Na karanta wa Baba, bai katse ni ba. Da na gama ya ce in ba shi tef. Ya juya shi, ya kai kusa da ido, ya daɗe yana kallon ƙananan layukan. Sai ya ce in ɗauko farin yadin nan daga akwati. Na ɗauko.

Ya riƙe baki ɗaya yana zaune a gado, ya sa na ja ɗayan. Muka auna mita takwas da ɗan kai, ya sa allura a wurin. Yadin ya fita ta ƙofar ɗaki, ya bi baranda, ya tsaya kusa da tankin ruwa. Ya leƙa ya ga inda nake tsaye. Sai ya juya yana kallon taga, ta ɓangaren da tasha take.

Ya ce, “Daga ƙofar asibiti ya dawo bakin tanki.”

Na ce, “Haka Yaya ya ce.”

Ya ce, “Saura taku kaɗan, ni kuma na saki.”

Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar. Ya share da gefen yadin, ya ce in nemo mota.

Likita bai yi faɗa ba, ni da ma ya yi. Ya duba idon, ya danna cikin, ya ce a kwantar da shi. Ya ce irin wannan maganin in aka yanke shi rana tsaka ciwon kan dawo da ƙarfi, kuma hantar ta ji jiki. An sa masa ƙarin ruwa, an sake ɗibar jini. Na tambaye shi ko za ta warware. Ya ce yana sa rai, amma ba zai yi mini alkawari ba.

Yau da safe nas ta kawo sakamakon. Goggo ce ta riga kowa leƙawa. Ka san ta haddace biyu da takwas ɗin nan tun da ake ta maganarsu a gida. Ta ga 1.3, ta ɗaga hannu sama tana hamdala har masu jinyar gadon kusa suka taya ta. Ni na riga na ga kafaɗar goman. Na tsaya da takardar a hannu. A wannan lokacin, Yaya, na so a ce ba ka koya mini ba.

Baba ya miƙo hannu. Ya sa babban yatsa ya danne 1.3 ɗin, ya kai takardar kusa da ido.

Ya ce, “Shida.”

Goggo ta ce, “Wace shida kuma? Ɗaya fa na gani.”

Ya ɗaga yatsan, ya ƙirga gidajen a kan bargo, yana taɓawa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, “Miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Ya koma har gaba da tasha.” Ya ajiye takardar. Sai ya ce, “To. An warware ɗinki, a sake. Auta, ba ni ruwa.”

Ya haɗiye maganin, ko fuska bai yamutsa ba.

Ya ba ni saƙo biyu. Na farko, in na koma gida in yaye zanen da ke kan keke, kada tsatsa ta kama shi. Na biyu naka ne. Ya ce farin yadin nan kada a mayar da shi akwati, riga zai yanka maka da shi. Na ce ai akwai tsohuwar rigarka a gida, sai a bi awonta. Ya ce shi ya daina yanka da awon da wani ya kwafo, sai ya sa tef a kafaɗarka da hannunsa.

Hannun nan rawa yake yi, Yaya, idon kuma har yanzu rawaya ne. An ce an gyara gadar. Kada ka jira hutu.

Ƙanwarka,
Auta